Hukuncin Daina Shan Maganin Hawan Jini Ko Na Ciwon Zuciya Ba Da Izinin Likita Ba

TAMBAYA

 Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin jima a Challawa, muna aikin karɓa-karɓa, mako guda da rana, mako guda da dare. Shekara biyu ke nan da aka ce ina da hawan jini, aka ɗora ni a kan magani. Yanzu na ji garau, ga maganin ya yi tsada, ga shi yana sa ni yawan fitsari a bakin aiki. Wani abokin aikina ya ce in ajiye shi in koma habbatus sauda da zoɓo, wai dogaro da ƙwayar Bature kullum raunin tawakkali ne. Shin ya halatta in daina? Kuma yaya zan yi da shi idan azumi ya zo?

AMSA

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

To ɗan'uwa, Allah Ya ba ka lafiya. Bai halatta ka ajiye wannan magani da ra'ayin kanka ko da shawarar aboki ba, matuƙar likitan da ya san ciwonka ya ce barinsa zai iya kai ka ga halaka ko nakasa. Abokin naka wataƙila alheri yake nufi, amma ya yi kuskure a fiƙihu, ya kuma yi kuskure a sanin ciwon.

Mu fara da tawakkali, domin nan ne shubuhar take. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa mutanen ƙauye sun tambayi Annabi (S.A.W) ko su yi magani, ya umarce su da su yi, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani in ban da tsufa. Shi kansa, wanda babu mai kai shi dogaro ga Allah, an yi masa ƙaho ya biya mai ƙahon, kuma ranar Uhudu Nana Faɗima ta ƙona tabarma ta sa tokar a rauninsa har jinin ya tsaya. Akwai ma ruwayar da ta fi kusa da matsalarka: Abu Dawuda ya kawo cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwon da ya shafi zuciyarsa, sai Annabi (S.A.W) ya tura shi wajen Harisu ɗan Kalada, likitan Banu Saƙifa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma ma'anarta ta dace da sauran: mai ciwon zuciya wajen masanin ciwon ake kai shi. Masu tarihi kuma sun ce Harisu a ƙasar Farisa ya koyo likitanci, saboda haka cewa magani "na Bature ne" ba aibi ba ne a shari'a. A nan ƙasar ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubutu a kan magani, ba su ɗauke shi kishiyar imani ba.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta rarrabe hukuncin yin magani gwargwadon hali, ta ce yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa, ko lalacewar wata gaɓa, ko nakasa. Hawan jinin da aka bari ba magani nan yake kaiwa: shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, gazawar zuciya, mutuwar ƙoda, lalacewar gani. Ga kuma hanin da ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 195, da Suratun Nisa'i, aya ta 29, game da jefa kai cikin halaka.

Yanzu batun "na ji garau". Wannan ita ce yaudarar ciwon. Mun saba da zazzaɓi: ka sha magani kwana uku, jiki ya yi sanyi, ka ajiye. Hawan jini ba haka yake ba. Mafi yawan masu shi ba sa jin komai, ba ciwon kai, ba jiri, alhali ƙarfin jinin yana cin jijiyoyi a hankali kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki ya rube. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Ba a gane shi sai da awo. Lamba biyu ake karantawa, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai, idan kuma aka yi ta samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, to hawan jini ne. Maganin ba ya tumɓuke ciwon, riƙe shi yake yi. Idan aka auna ka aka ga jininka ya sauka, wannan shaida ce cewa maganin yana aiki, ba shaidar warkewa ba ce. Ka ajiye shi, cikin kwanaki ko makonni jinin ya koma inda yake. Wasu ma, irin su Atenolol da Propranolol, yanke su farat ɗaya yana iya sa zuciya ta yi gudu, ya tayar da ciwon ƙirji ga mai ciwon zuciya. (Zan riƙa rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali domin ka iya dubawa.)

Kokenka na yawan fitsari gaskiya ne, ba raki ba ne. Akwai magungunan da aikinsu ke nan, su fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, kamar Hydrochlorothiazide da Moduretic da Lasix. Wanda ke zaune a ofis ba zai gane wahalar ba. Amma mai tsayuwa awa takwas ko goma sha biyu a gaban injin narka roba a Sharaɗa, ko kusa da tukunyar tururi a Bompai, ko mai juya fatu a Challawa, cikin zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, ga gumi ga fitsari, ruwan jikinsa na iya ƙarewa, ya ji jiri, tsoka ta ɗaure, har ƙoda ta taɓu. Jiri a gaban inji mai wuƙa ko a kan motar ɗaga kaya kuwa ba kai kaɗai yake jefawa cikin hatsari ba. Maganin wannan ba daina sha ba ne, komawa wajen likita ne ka faɗa masa ainihin aikinka: zafin wurin, tsawon tsayuwa, da aikin dare. Da yawa daga cikinmu mukan shiga gaban likita mu ce "lafiya lau" don kunya, mu fito muna gunaguni. Magungunan hawan jini iri-iri ne, yana iya sauya maka, ko ya rage, ko ya canza lokacin sha. Haka idan Amlodipine ya kumbura maka idon sawu, ko Lisinopril ya sa ka busasshen tari mai naci, ko wani ya rage maka kuzari wajen iyali. Wannan na ƙarshen shi ne abin da maza suka fi ɓoyewa, kuma yana cikin abin da ke sa su jefar da magani a asirce. Faɗa wa likita wannan ba tona asiri ba ne, lalura ce.

Ta fuskar tsarki, yawan fitsarin da magani ke sawa ba shi ne yoyon fitsarin da malamai suka yi wa rangwame ba, tunda kana iya riƙewa. Ka kama ruwa, ka sake alwala, shi ke nan. Idan kana jin juwa lokacin tasowa daga barci ko daga sujada, ka tashi a hankali, ka ɗan zauna tukuna. Idan tsayuwar ta gagara ka yi salla a zaune, kamar yadda Annabi (S.A.W) ya umarci Imrana ɗan Husaini a hadisin Bukhari.

Game da aikin karɓa-karɓa, shawarata ka ɗaura maganin da salla. Lokacin barcinka da na cin abincinka suna juyawa kowane mako, amma Asuba da Magariba ba sa bin jadawalin kamfani. Ku zaɓi guda kai da likita, ka riƙe. Idan ka manta, ka sha lokacin da ka tuna, sai fa in lokacin na gaba ya matso, to ka bar wanda ya wuce. Magani ba salla ba ne, ba a rama shi. Kada ka haɗa biyu. Idan gudawa da amai suka kama ka, ka nemi ma'aikacin lafiya a ranar, domin akwai magungunan da akan dakatar na ɗan lokaci a wannan hali, amma shi zai faɗa.

Tsada kuma, na sani, musamman ga ma'aikacin wucin gadi da ake biya a mako. Amma ka lura da abu guda: magani ɗaya yana da sunan asali, yana kuma da sunayen kamfanoni. Norvasc, alal misali, Amlodipine ne; akwai na wasu kamfanonin masu rajista da suka fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ce wa likita ƙarfinka ke nan, ya rubuta maka wanda za ka iya saya kowane wata. Ya fi ka sayi mai tsada ka riƙa raba ƙwaya biyu, ko ka sha yau ka tsallake gobe. Tun 2020 akwai shirin kula da hawan jini da aka fara a wasu asibitocin sha-ka-tafi na jihohin Kano da Ogun, ka tambaya a na unguwarku. Ka tambayi ofishin ma'aikata ko kamfaninku yana cikin inshorar lafiya. Wajen saye, ka nemi kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Hukuma ba don wasa ta tashi dillalan magani daga Sabon Gari a 2024 ta ce su koma cibiyar Dangwauro ba. Magani yana lalacewa da zafi da mugun ajiya, ban da jabu. Ƙwayar da ta wuni a faranti a kan mai talla a ƙofar kamfani, rana na dukanta, ba abin da mai ciwon zuciya zai dogara da shi ba ne. Kai ma kada ka bar naka a akwatin babur ko a jikin inji.

A nan zan yi wa masu kamfanoni da helmomi magana, tunda su ma suna karanta wannan shafi. Ma'aikaci yana ɓoye ciwonsa ne don tsoron sallama. Hana shi zuwa ban-ɗaki, ko yanke masa kuɗin yini don ya je ganin likita, yana cikin ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, wanda aka hana a hadisin Abu Zarri. Kuma talakan da ya kasa sayen maganinsa yana cikin waɗanda zakka ta halatta a ba su.

Sai abin da na fi jin tsoro a kanku ma'aikata, wato miƙa wa juna magani. Wani ya ce kaina na sarawa, sai na kusa da shi ya zaro kati daga aljihu ya ce "ungo, ni ma shi nake sha". Annabi (S.A.W) ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito. Wanda ya dace da kai yana iya kashe wani. Propranolol yana iya toshe numfashin mai asma. Lisinopril da Losartan suna cutar da ɗan tayi, don haka ke 'yar'uwa, ko kina aiki a kamfanin ko kina gida, kada ki taɓa shan na maigida. Idan kina kan ɗayansu kuma kika ga alamar ciki ko kina neman haihuwa, ki gaggauta faɗa wa likita ya mayar da ke kan wanda ake ba masu ciki, irin su Aldomet.

Akwai kuma haɗin gajiya da ake saye bayan tashi daga aiki, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. Galibi akwai irin su Diclofenac ko Ibuprofen ko Feldene a ciki. Waɗannan suna tayar da jini, suna raunana aikin maganinka, suna wahalar da ƙoda, kuma ga mai gazawar zuciya suna tara ruwa a jiki. Idan ciwon jiki ne, Panadol bisa ƙa'ida ya fi aminci. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna tayar da jini, haka lemukan ƙara kuzari da yawan goro da masu aikin dare ke kore barci da su. Mafi muni shi ne maganin ƙarfin maza. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, ko danginsa kamar Isordil, idan ya haɗa da Viagra ko makamancinsa, jininsa na iya faɗuwa warwas har ya mutu. Kuma an sha samun wannan sinadari a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan na gargajiya.

Mu dawo kan habbatus sauda. Hadisinta ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, babu mai musun albarkarta. Sai dai Annabin da ya yabe ta shi ne ya yi ƙaho, ya yi umarni da zuma, ya tura mara lafiya wajen likita. Bai ce a bar komai a tsaya a kanta ba. Zoɓo kuma bincike ya nuna yana ɗan saukar da jini, amma ba shi da ma'auni: na yau ya yi kauri, na gobe ya tsinke, ga sukarin da ake zuba masa. Ka sha a matsayin abin sha, ka gaya wa likita kana sha, kada ya zama madadi. Addu'a da ruƙya da sadaka kuwa ka yawaita, ba sa karo da ƙwaya. Abin da ya fi zoɓo amfani shi ne rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire da taliyar leda. Kanwa ma dangin gishiri ce a jiki. Mai jego da ke shan kunun kanwa, in tana da hawan jini, ko ta ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti. Gazawar zuciya bayan haihuwa ciwo ne da likitocin Zariya da Kano suka daɗe da sani a ƙasar Hausa.

Ƙaho sunna ne, amma mai shan maganin tsinka jini, kamar Warfarin ko Clopidogrel ko Vasoprin, kada ya zauna gaban wanzami ko mai cire haƙori sai ya tambayi likitansa, domin jinin na iya ƙin tsayawa.

Ka kuma koya wa iyalinka da abokan aikinka wannan: idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko aka ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse tare da gumi da haki, to asibiti nan take, Murtala ko Nassarawa ko na Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa. Kada a ce iska ce ko jifa a tsaya neman mai ruƙya har gari ya waye. A yi masa addu'ar a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko rubutu ko ƙwaya, yana iya shaƙewa.

Sai azumi. Mafi yawan masu hawan jinin da ya daidaita suna iya azumi lafiya, amma shirin a Rajab ko Sha'aban ake yin sa, ba daren ganin wata ba. Ka je a auna ka, ka ce kana son yin azumi. Maganin da ake sha sau ɗaya a yini akan mayar da shi buɗa-baki ko sahur. Mai sau biyu, ɗaya nan ɗaya can. Mai sau uku, likita na iya musanya shi da mai dogon aiki. Mai sa fitsari galibi an fi so a sha shi bayan buɗa-baki, don kada ka wuni kana zubar da ruwan da ba za ka iya mayarwa ba. Ka sha ruwa sosai tsakanin Magariba da sahur, in da hali ka nemi a ba ka aikin dare a watan. Awon jini da ɗibar jini kaɗan don gwaji ba sa karya azumi. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na goma a Jidda a 1997, ta ce allurar magani a tsoka ko a jijiya, in ba ta abinci ba ce, ba ta karya azumi, haka ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe, matuƙar ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Amma ƙwayar da aka haɗiya da rana, ko ba ruwa, ta karya, sai ramuwa.

Idan kana tsakiyar aiki ka ji jiri mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko kana neman suma, ka karya, babu kaffara a kanka, ramuwa ce kawai. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, ya halatta mara lafiya ya sha idan yana tsoron ƙaruwar ciwon ko jinkirin warkewa, yana kuma zama wajibi idan yana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Wanda ya dage ya kai azumin a wannan hali, yana ganin taƙawa ce, ya saɓa ne. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai gazawar zuciya mai tsanani, da wanda jininsa ya ƙi sauka, yawanci likitoci kan hana su. Maganar likita amintacce masani hujja ce a nan. In ana sa ran sauƙi, sai ya rama a kwanakin sanyi, lokacin hunturu, da yini gajere ne. In kuwa ciwon ya zama na dindindin har babu ranar da zai iya, to babu ramuwa a kansa, sai ya ciyar da miskini ɗaya mudun Annabi guda na abincin garin a madadin kowace rana. Wannan ciyarwa mustahabbi ce a wurin Malikiyya, wajibi ce a wurin mafi yawan sauran malamai, don haka mai hali ya ciyar ya fita daga saɓani, wanda ba shi da hali kuma babu komai a kansa.

Allah ne mafi sani.